Injin da Ke Jingine a Lungu: A Ƙara Masa Ƙarfi Ko A Mayar Da Shi Yadda Aka Ƙera Shi?

Duk wanda ya daɗe a sana'ar niƙa a yammacin Zamfara, ko a Anka yake, ko Nasarawar Burkullu, ko Bukkuyum, ko Daki Takwas, ko cikin garin Gummi, da wuya ka leƙa rumfarsa ba ka ga wani tsohon inji jingine a lungu ba, an rufa masa buhu. Shi ne wanda aka fara sana'ar da shi kafin Allah ya hore na yanzu. Bai mutu ba, gajiya ya yi. Sai hannu ya yi tsami wajen murɗa shi kafin ya tashi, in ya tashi kuma ya turnuƙe wuri da hayaƙi, baƙin mai na raguwa ba a san inda yake zuwa ba. Haka abin yake wurin manoman rani na bakin Gulbin Zamfara, kusan kowa na da tsohon injin ban ruwa da ya ture gefe.

A da ba mai waiwayar irin wannan inji. In na aiki ya lalace, a lallaɓa a sayi sabo ɗan Chana. To amma a watan Mayun 2023 ana canjin Dala a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati, kafin 2024 ta yi nisa ta haura 1,500, kuma inji da kayan gyaransa duk da Dala ake shigo da su. Nan take tarkacen lungu ya koma dukiya. Da ya koma dukiya kuwa sai aka fara jayayya a kansa, kuma mafi yawa tsakanin uba da ɗa ake yin ta, ko maigida da babban yaronsa.

"Baba, injin ga da munka aje asara ce. A kai shi ga bakanike a sauke shi, a sa mashi sabon fistin, a buɗe mashi mai, ya hi wanga da muke aiki da shi ƙarhi."

"Kai yaro, ƙarhi za mu ci? Ran da wanga ya tsaya, mi za mu ɗora?"

Ina ganin kowanensu na da hujjar da ta isa a saurara, kuma ba na son a yi saurin ba dattijo gaskiya don furfurarsa. Bari mu fara da yaron.

Hujjarsa ta farko, wadda ta fi kowace ƙarfi a ganina, ita ce inji ba ya ajiyuwa. Hatsi ake sa wa a rumbu a dawo a tarar da shi. Inji kuwa in ya yi damina biyu a jingine, raɓa na shiga ta bututun hayaƙi ta sauka kan fistin, ringi ya manne, tsohon gas ya daskare a cikin nozul, zanzaro ya gina ɗakinsa a bakin iska. Mafi muni ma shi ne abin da masu shi ke yi masa da hannunsu. Yau nozul ɗin na aiki ya toshe, a ciro na tsohon "kafin a sayo". Gobe a ɗauki famfon mai. Jibi maƙwabci ya ari hannun murɗawa bai dawo da shi ba. Ranar da aka yaye buhun da niyyar ɗora shi, sai a tarar da gangar jiki kawai. Saboda haka dattijon da ke cewa a bar shi safaya, sau da yawa safayar da yake taƙama da ita a zuciyarsa kawai take. A wannan gaɓar yaron ya fi uban gaskiya, kuma ba na jin akwai abin da za a ce a kare ra'ayin a bar inji ya ruɓe.

Hujjarsa ta biyu aiki ne. Niƙa ba ta zuwa daidai wa daida a shekara. Da kaka, da jajibirin azumi, da lokacin bukukuwa, layin kwanuka da bokitai kan miƙe har waje, yara mata na zaune suna jira, wasu su gaji su ɗauki kayansu su tafi wani injin. Ga kuma halin da yankin ke ciki. Garin Anka ya cika da mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, baki ya ƙaru, turmi da dutsen niƙa kuma an baro su can. A ƙauyukan da mutane suka daure suka zauna, yini ya gajarce, ba mai son la'asar sakaliya ta riske shi a hanya. Aikin da a da ake yi har bayan isha'i, yanzu dole a tattara shi cikin 'yan sa'o'i. Wanda injinsa ke cinye tiya goma a lokacin da na wani ke fama da bakwai, shi ke kwashe ciniki. Yaron da ke tsaye gaban inji tun safe, gari ya rufe masa gira, yana jin yadda injin ke nishi in an zuba masara mai tauri, ba son burga ne ya sa yake neman ƙarin ƙarfi ba.

Na uku, waɗannan injuna don a riƙa sauke su aka ƙera su. Injin gas ɗan Chana mai silinda ɗaya, irin su S195 da ZS1115 da kamfanonin birnin Changzhou kamar Changchai da Changfa ke yi, silindarsa riga ce da ake zarewa a sa sabuwa. Ana sayar da rigar da fistin da ringi a kwali ɗaya. Bakaniken da ya san aikinsa zai kwance shi a kan buhu a gindin bishiya, da sifana da guduma da kwanon fetur na wanki, ya ɗaure shi kafin rana ta faɗi. Kakansu ma, Lista ɗan Ingila, wanda kamfanin R. A. Lister na garin Dursley ya fara ƙerawa a 1929, har yau ana kwaikwayonsa a Rajkot ta ƙasar Indiya, kuma akwai waɗanda suka girmi masu su suna nan suna bugawa. Kuɗin gyara kuma aljihun bakaniken gari yake shiga, yaran da ke koyon aiki a wurinsa su ƙaru da ilmi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da samari ke zaune ba sana'a.

Har zuwa nan ina tare da yaron. Inda muke rabuwa shi ne kalmarsa ta ƙarshe, wato injin ya fi yadda ya fito daga kamfani. Sauke inji don ya dawo da ƙarfin da ya zubar daban, matsa masa ya ba da abin da ba a ƙera shi da shi ba daban, amma a bakin bakanike duk "gyara" ne, kuɗin aiki ne kawai ya bambanta.

Mu duba ta ina ƙarin ƙarfin zai fito. S195 faɗin silindarsa milimita 95 ne, yana ba da ƙarfin doki kimanin 12 in yana juyi 2,000 a minti. Hanyar da aka fi ambata ita ce a faɗaɗa silinda a sa fistin mai girma. A ce an ƙara rabin milimita. Lissafi ya nuna ƙarin kimanin kashi 1 ne kacal cikin 100. A ƙaramin injin fetur na ban ruwa, irin Honda GX160 da 'yan kwaikwayonsa, mai faɗin milimita 68, rabin milimitar kashi ɗaya da rabi take bayarwa. Abin da mai inji ke ji bayan an yi masa wannan aiki, har ya ce injinsa ya zama zaki, ba sabon ƙarfi ba ne. Tsohon ƙarfinsa ne da ke zurarewa ta gefen ringin da ya cinye aka toshe masa hanya. Da sabuwar riga da fistin na asali aka sa masa, abin da zai ji ke nan.

Hanya ta biyu ita ce buɗe mai. A jikin famfon akwai kusar da ke iyakance yawan gas ɗin da ke shiga, kamfani ya ɗaure ta inda ya ɗaure. In an sassauta ta inji kan ɗan ƙara ja, wannan gaskiya ne. Sai dai wuta ba ta ci sai da iska, kuma iskar da silinda ke zuƙa ba ta ƙaru ba. A zafin Afrilu ma raguwa take yi, domin iska mai zafi ba ta da kauri. Man da ya rasa iskar da zai ƙone da ita shi ne baƙin hayaƙin nan da samari ke gani su ce inji ya ɗauki wuta. Kuɗi ne ke fita ta bututu. Sauran kuma ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka wanda ke kare boris. Ka tsaya kusa da irin wannan inji ka dubi tukunyar ruwan da ke samansa: tafasa take ba hutawa, yaro na ta ɗura mata ruwa da gwangwani. Ranar da ya shagala ta ƙafe, gaskit ya ƙone ko kan inji ya tsage.

Ta ukun ita ce ke ba ni tsoro, wato taɓa gwamna. Gwamna shi ne ɗan ƙarfen da ke hana inji wuce gudun da aka yanka masa. Ana ɗaure masa sifirin ko a sa mai tauri, inji ya ƙara juyi, kuma nan ne kaɗai ake samun ƙari na a zo a gani. Amma ƙaton wilin nan na baƙin ƙarfe da ke gefen injin, nauyin da ke fizgar sa waje ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba. In gudu ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, fizgar na ƙaruwa da kashi 44. Baƙin ƙarfe na zubi ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, fashewa yake yi. Wilin Lista an auna shi ne a kan juyi 650 kacal. Wanda ke tsaye kusa da injin niƙa kuwa mun san ko wane ne: yarinya 'yar shekara tara da aka aiko da ƙullun koko, tana miƙa kwano. Akwai kuma wata musiba da tsohon injin gas ke yi, ya fara zuƙar baƙin mansa yana ƙonawa, ya yi ta ƙara gudu ko an kashe masa gas, ba ya tsayawa sai an toshe masa bakin iska. Injin da aka riga aka kwance wa gwamna ya fi kusa da wannan hali.

Manomin fadama shi ma lissafin bai goyi bayansa ba, ko da yake nasa haɗarin bai kai na mai niƙa ba. Famfon ban ruwa in aka ƙara masa gudu da kashi 10 cikin 100, ruwan da zai ƙara kashi 10 ne, amma ƙarfin da zai nema daga inji, wato man da zai sha, ya ƙaru da kusan kashi 33. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Wa zai sayi ruwa kashi 10 da mai kashi 33? Sannan abin da ke damun manomi a watan Maris da Afrilu yawanci ba rashin ƙarfi ba ne, ruwa ne ya yi ƙasa. Famfon da ke zaune a bisa ƙasa ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, ko da injin tirela aka ɗaura masa, domin nauyin iskar sama ne ke turo ruwan cikin tiyo, ba inji ba. Tsofaffin manoma sun san maganin ba tare da sun karanta ba: su haƙa rami su sauke injin kusa da ruwa. Fartanya da shebur sun yi abin da bakanike ba zai iya ba.

Wannan jayayya ba a Zamfara aka fara ta ba, kuma akwai wani inji da labarinsa ya cancanci masu injin niƙa su ji. Wani Bajamushe mai suna Felix Wankel ya ƙirƙiro injin da ba shi da fistin mai hawa da sauka. A maimakonsa wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a cikin gida mai siffar gyaɗa mai ƙwaya biyu. An fara tada shi a kamfanin NSU na Jamus a 1957. Ɗan ƙarami ne, ba nauyi, ba jijjiga, ga ƙarfi fiye da girmansa. A 1967 NSU ta sa shi a motarta Ro 80, Mazda ta Japan ita ma ta fito da Cosmo a shekarar. Rauninsa na kan tsinin kusurwoyin nan uku, inda wasu siraran ƙarafa ke goga jikin gidan don hana iska zurarewa, aikin da ringi ke yi a namu injin. A motocin farko na NSU sukan cinye da wuri, kamfanin ya yi ta sauya wa mutane inji kyauta har ya durƙusa, Volkswagen ta saye shi a 1969.

Mazda ta daure. Ta fito da RX-7 a 1978, a 1991 motarta 787B mai irin wannan inji ta lashe tseren sa'o'i 24 na Le Mans a Faransa, karo na farko da motar Japan ta yi haka. Har yau a Amurka da Ostareliya da Japan akwai masu sha'awar waɗannan motoci da ke ajiye inji na biyu, kuma tambayarsu ita ce ta yaron nan da ubansa: a kwance na ajiyar a faɗaɗa masa ƙofofin shigar iska don ya ƙara ƙarfi, ko a ɗaure shi yadda yake? Abin da suka gano ba ɓoyayye ba ne. In an faɗaɗa ƙofofin sosai, ƙarfi na ƙaruwa a babban gudu, amma injin ya daina zama lafiya a ƙaramin gudu, shan mai ya ƙaru, kwanansa ya ragu. Su dai wasa suke yi da rarar kuɗinsu, in ya fashe su hau wata motar su tafi aiki. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda Mazda kanta ta ƙare. Ta daina RX-8 a 2012 saboda shan mai da hayaƙi. Da ta dawo da injin a 2023 a cikin MX-30, ba ta ba shi aikin juya taya ba. Janareta ta mai da shi, yana cajin batir a gudun da ya fi dacewa da shi. Kamfanin da ya shafe fiye da shekara hamsin yana matsar ƙarfi daga wannan inji, a ƙarshe aikin injin niƙa ya ba shi: ya tsaya a gudu ɗaya ya daɗe yana yi.

Dattijon nan da ya tambayi abin da za a ɗora ranar da na aiki ya tsaya, wataƙila bai san Wankel ba, amma ya san hanyar Anka zuwa Mayanchi. Kayan gyara na kirki daga Gusau ko Sakkwato ake samo su, wasu sai Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. A wata ƙasar wannan saƙon yini ɗaya ne. A nan tafiya ce da ake yi da addu'a a baki, iyali na jiran waya. Ba a manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Wanda injinsa ya tsaya a wannan lokaci ba shi da hanyar kiran dillali a Kano, balle a aiko masa. A irin wannan ƙasa darajar safaya ita ce tabbaci: ranar da aka neme ta ta tashi, kuma kayanta su zama irin waɗanda ake samu a kowane shago. Injin da aka sauya wa fistin da sifirin da ma'aunin mai ya zama shi kaɗai irinsa. Bakaniken da ya yi aikin ne kawai ya san cikinsa, shi kuma yana iya yin hijira gobe kamar yadda dubbai suka yi. Ga jabu ya cika kasuwa. Ringin da ba a san asalinsa ba zai iya kai shekara a injin da ke tafiya a hankali, amma a wanda aka matsa wa, wata nawa zai yi?

Akwai kuma abin da ba zan iya tsallakewa ba, tunda Anka da Bukkuyum ake magana. Ba kowane mai neman ƙarin ƙarfi ne dawa ke gabansa ba. Dutsen zinare ya fi kowane hatsi tauri, kuma shi ne ya fi biya. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan yankin, bincike ya nuna gubar dalma ce. A Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, ana kawo dutsen cikin gida a farfasa, a niƙe shi a busasshe da injin irin na hatsi. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, wasu suka tashi da lahanin da ba ya warkewa. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, ƙauyen Bagega ma ba a kai gare shi ba sai 2013. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disamban 2024, wato injuna za su ƙara samun kasuwa.

Ba ina cewa duk wanda ya sauke inji guba zai niƙa ba, kuma ba na zargin talakan da noma ya gagare shi saboda 'yan bindiga ya koma rami. Amma injin da ya fi gudu ƙurarsa ta fi yawa, ta fi laushi, ta fi nisan tafiya. Kuma kalmar safaya a nan tana da haɗari na musamman, domin safaya yawo take yi: wata uku a dabar zinare, in na gari ya lalace a ɗauko ta a ɗaura a niƙa tuwon dare. In an ce dole sai an yi, to kuɗin da za a kashe wajen ƙara gudu gara a kashe shi wajen niƙa da ruwa, a bayan gari, kuma kan niƙan da ya taɓa dutse kada ya ƙara ganin hatsi har abada. Wannan ba shawarar kanikanci ba ce, magana ce ta rayukan 'ya'yanmu, kuma ba na karɓar uzuri a kanta.

To yaron fa, a bar shi da layin kwanukansa? A'a. Ƙarfin da yake nema yawanci yana nan a rumfar, zubewa yake yi tsakanin inji da kan niƙa. Na ga rumfar da bel ya saki har yana tafi, ya yi sheƙi don santsi, in an zuba hatsi sai ya yi ƙara yana zamewa, ana ta zagin inji. Faifan niƙa ya shafe ba a kai shi wasawa ba, yana murza hatsi maimakon ya yanka, gari na fitowa da zafi. Matatar iska, wadda ya kamata a wanke a sauya mata mai a kai a kai musamman da hunturu, ta toshe da ƙura da dusa, ko ma an cire ta an yar wai tana shaƙe inji, alhali ƙurar da ke shiga ita ce ke cinye ringi. Boris ya bushe. Bawul bai ga saiti ba tun da aka sayi injin. Nozul na ɗiga maimakon feshi. Duk waɗannan in aka haɗa kuɗinsu bai kai rabin na sauke inji ba, kuma abin da za su dawo da shi ya ninka kashi ɗayan nan na faɗaɗa silinda sau da yawa. Bakanike ba ya cika kawo wannan shawara, ba don mugunta ba, sai don ɗaure bel ba ya kawo kuɗin cefane.

Ra'ayina ke nan: a yaye buhun, a sauke injin, a sa masa riga da fistin da ringi na ma'auninsa na asali, mafi kyawun da aljihu zai iya, a bar gwamna da kusar mai inda kamfani ya bar su. Sannan kada a mayar da shi lungu. A riƙa tada shi duk mako, ko ma a riƙa karɓa-karɓa tsakaninsa da ɗan'uwansa, ɗaya na aiki ɗaya na hutawa. Da kaka, in akwai kan niƙa na biyu, a ɗora su duka. Inji biyu masu doki 12 suna aiki tare sun ba da abin da ba wani bakanike da zai matso daga guda ɗaya, kuma in ɗaya ya tsaya ciniki bai tsaya ba.

Akwai dai inda nake sassautawa. Wani aikin ya fi ƙarfin injin da gaske. Wanda ya tashi daga niƙan gari ya koma casar shinkafa a Gummi, buhu bisa buhu, ɗaure bel ba zai mai da doki 12 ya zama 20 ba. Shi maganarsa ba ta gyara ba ce, ta saye ce: ya sayar da tsofaffin biyu ya cika ya ɗauki ZS1115, wanda aka zuba wilinsa da sandarsa da boris ɗinsa don wannan nauyi tun daga kamfani. Sai dai ya sani ranar da ya yi haka ya koma mai inji ɗaya, tambayar dattijo kuma ta dawo masa sabuwa. In zai bi wannan hanya, ya ware kuɗin nozul da ringi da gaskit da bel na ajiya a cikin kuɗin sayen, ya sayo su a tafiya ɗaya da injin, ya kulle su a akwatin da maƙwabci bai san da shi ba.